Gero Ya Kai

Umma ce ta tashe ni a wannan tafiya. Tun da labari ya iso Kano cewa ruwa ya cinye shinkafar Kawu a damunar 2022 take cewa sai an je an yi masa jaje ido da ido, don jajen waya ba ya sauke nauyin zumunci. Ita ƙafa ba ta barin ta zaman mota mai tsawo, ni kuma aiki ya riƙe ni, har sai da ruwa ya janye, hanyoyi suka buɗe, aka shiga watan Nuwamba. Ranar wata Lahadi da hantsi na ɗauki jakata da ƙullin saƙonta, sabulu da sukari da turmin atamfa na Inna, na nufi tashar 'Yankaba.

Daga Gezawa har kusa da Ringim ba abin da ido ke gani sai dawa ta sunkuyar da kai tana jiran masu yanka, da amalanke na jan kara a gefen titi. Da muka wuce Ringim sai fira ta ragu a cikin motar. A jikin katangun ƙasa ana ganin layi, ƙasansa duhu samansa fari, iyakar inda ruwa ya tsaya ke nan. Wasu ɗakunan sun zauna, azara a waje, an jingina ƙofar langa-langa a jikin bishiya.

A Gujungu muka yi azahar. Ranar kasuwarsu ce, ga hayaniyar dabbobi da ta masu hatsi, direba ya samu gefe ya ce a sauka a yi salla. Wani dattijo mai fataucin awaki muka tura gaba. Kafin ya yi kabbara ya waiwayo ya ce, "Ƙasaru zan yi, wanda yake ɗan gari ya cika abarsa." Raka'a biyu ya yi ya sallame, sai wasu samari biyu da suka shigo sahunmu daga cikin kasuwa suka miƙe suka kawo biyu. Ba wanda ya yi wa wani bayani. Fatake sun san wannan hukunci kamar yadda suka san farashin akuya: tafiyar da ta kai mil 48, wato wajen kilomita 80, ana mayar da salla mai raka'a huɗu biyu, har sai mutum ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya. Na daɗe da karanta shi a littafi, amma ranar na fara ganin an yi shi a kan tabarmar aro, tsakanin buhunan riɗi, cikin sauƙin da aka saukar da shi dominsa.

Sai bayan la'asar muka shiga Haɗeja. Daga nan babur na hau zuwa ƙauyen su Kawu a ƙasar Auyo, muna ratsa fadamun da suka zama fili, karan shinkafa kwance ya yi baƙi, balbela na ta kiwo a kai. Ana kiran magariba na sauka a ƙofar gida.

Bayan an idar da salla na durƙusa gaban Kawu a zaure na isar da gaisuwar Umma. Na ce, "Kawu, ya muka ji da ɓarnar ruwa? Allah ya mayar da alheri."

Ya ce, "Amin, ɗan nan. Amma ruwa gyara ya yi."

Na san maganar. Kowane Bahaushe in aka ce masa ya ruwa, zai ce ya yi gyara, ko da a bakin kawai. Abin da ban taɓa ji ba shi ne a faɗe ta a gidan da rumbu ya faɗi, ɗaki biyu suka rushe, gonar shinkafa ta tafi ko tiya ɗaya ba a ɗauka ba. Ba gyara mini Hausa yake yi ba. Ladabi yake koya mini: ruwa rahama ce daga Allah, ba a jingina masa ɓarna da baki, ko da zuciya na ciwo. Kuma ciwon yana nan, na gan shi a yadda ya rame, da yadda yake yin shiru a tsakiyar magana.

Cikin gida na tarar da Iya, kakarmu, a bakin murhu da jikoki sun kewaye ta. Ta ce, "Maigida, sai yau? Da ruwa ya tafi da ni sai dai ka ji a gari." Ta sa aka kawo mini tuwon dawa da miyar kuka da ta ji busasshen kifi, ta koma kan yaran. Ashe darasi na katse. Tana nuna yaro da tsinken da take gyara wuta da shi.

"Wane ne Ubangijinka?"

"Allah."

"Mene ne addininka?"

"Musulunci."

"Wane ne Annabinka?"

"Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam."

Har wata 'yar da ba ta fi shekara uku ba sai da aka zo kanta, ta faɗa da tsamin baki, aka yi mata tafi. Iya ta juyo ta ce da ni, "Tambayar kabari ce. Gara baki ya saba tun yanzu." Iya ba ta karanta boko ba, allonta ma bai yi nisa ba aka yi mata aure. Amma ta san kalmar shahada ita ce ƙofar shiga, da ita ake yi wa jariri kiran salla a kunne, ita ake laƙƙana wa mai barin duniya, kuma ta ɗauki tsakanin biyun nan a matsayin aikinta.

Sanyin asuba a bakin fadama ba irin na birni ba ne, har cikin ƙashi yake shiga. Masallacin na ƙasa ne, an yi masa sabon yaɓe a gefen da ruwa ya ci. Sahu uku muka yi. Na lura a sahun gaba akwai mai ƙabalu akwai mai sadalu, kafaɗa da kafaɗa, kuma bayan sallama hannu suka ba juna suka tambayi kwanan iyali. Mu da muke kwana muna musu a waya kan wannan, har aboki ya daina gaida aboki, da za mu zo nan mu ga mutanen da suka kwana uku suna tare ruwa da buhunan ƙasa tare, da mun rage zafi.

Ba a watse ba. Aka koma zauren Liman, aka kunna 'yar fitila mai batir, kowa ya jawo littafinsa daga gafaka. Mai Ahalari ya karanta nasa a babin tsarki, mai Ishmawi ya biyo, sannan wani magidanci mai Risala. Ɗalibi ya karanto Larabci guntu-guntu, Malam ya fassara, ɗalibi ya ce "Na'am." Daga ƙarshe wani saurayi ya buɗe Arba'una Hadisi ta Imamu Nawawi, aka dace yana kan hadisi na biyu, wanda Sayyadina Umar ya ba da labarinsa, Muslim ya ruwaito.

Liman bai yi sauri ba. Ya tsaya a kan baƙon da ya ɓullo wa sahabbai suna zaune da Manzon Allah, mai tsananin farin tufafi, mai tsananin baƙin gashi, ba alamar tafiya a jikinsa, kuma ba wanda ya san shi. Ya ce, "Ku duba, a gari irin namu baƙo da ƙura ake gane shi. Wanda ba ƙura a jikinsa ɗan gari ne, ɗan gari kuwa an san shi. To wannan ba ƙura, ba sani." Baƙon ya zauna gwiwa da gwiwa da Annabi ya tambaye shi Musulunci, aka ce masa shaidawa babu abin bautawa da gaskiya sai Allah kuma Muhammadu Manzonsa ne, da tsai da salla, da ba da zakka, da azumin Ramadan, da ziyartar Ɗakin Allah ga wanda ya samu iko. Ya tambayi imani, aka ce ka ba da gaskiya da Allah, da mala'ikunsa, da littattafansa, da manzanninsa, da ranar lahira, da ƙaddara mai daɗinta da marar daɗinta. Da aka zo nan Liman ya ɗan dakata. Zauren ya yi tsit, wani dattijo a lungu ya ce "Allahu Akbar" a hankali. Kowa a wurin ya san marar daɗin da ake nufi, tana nan bayan gari kwance. Sannan ihsani: ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, in kai ba ka ganinsa, shi yana ganinka. Bayan baƙon ya tafi ne Annabi ya gaya musu Mala'ika Jibrilu ne, ya zo ya koya musu addininsu.

Na haddace wannan hadisi tun ina Islamiyya, na ci jarrabawa da shi. A zauren nan na ji shi kamar sabo.

Da rana ta ɗaga muka tafi gonar tudu, irin ƙasar nan mai rairayi da jihar Jigawa ma ta samo sunanta daga gare ta. Nan ne Allah ya tsare wa Kawu geronsa. An yanke shi tun Satumba, amma da rumbun gida ya faɗi sai aka jibge dammunan a tudun aka lulluɓe da zana. Yanzu ake sussuka. Mata na sheƙa, ƙaiƙayi na tashi yana shiga wuya, Kawu da babban ɗansa na awo da tiya suna zubawa a buhu, ana ƙirgawa da ƙarfi don kada a ɓata lissafi. Da azahar ta yi na nemi ruwan alwala, yaron Kawu ya nuna mini wani kududdufi da ambaliya ta bari, ruwan ja wur. Na tsaya ina dubawa. Ya ce, "Yaya, yi abinka, ƙasa ce ta sauya shi, ba najasa ba." Yaron bai wuce shekara goma sha biyu ba, kuma daidai ya faɗa: ruwan da ƙasar da yake kwance a kai ta sauya masa launi yana nan da tsarkinsa.

Kafin la'asar aka gama. Buhu takwas cif, kowanne tiya 40. Kawu ya share gumi ya ce, "Alhamdu lillahi, ya kai." Sai ya jawo wani buhu daban ya fara auna tiya yana zubawa.

Na ce, "Kawu, wannan fa?"

"Zakka."

A nan ne na yi maganar da ta daɗe tana cina tun daren jiya. Inna ta gaya mini akwai bashin taki da na irin shinkafa a kansa, wanda aka ci da niyyar biya in an yi girbi, ga shi girbin bai zo ba. Na ce masa a sanina mai bashi ba ya zakka sai ya biya bashinsa, kuma mutumin da ya yi asara irin tasa shi ya kamata a kawo wa. Da zuciya ɗaya na faɗa, tausayinsa nake ji. Bai yi musu da ni ba. Ya ce, "Bari mu je wurin Malam da yamma, kada ni da kai mu yi ta faɗin son ranmu."

Bayan la'asar muka same shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Na ce, "Allah ya gafarta Malam," na maimaita abin da na faɗa a gona. Ya saurare ni har na gama, sannan ya aika aka ɗauko masa Risala, littafin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan da ke Tunisiya, wanda aka rubuta fiye da shekara dubu da ta wuce kuma har yau da shi ake karantar da fiƙihun Malikiyya a zaurukanmu. Ya buɗe babin zakka ya sa yatsa a kan layin. Ya ce abin da na sani gaskiya ne, amma a zakkar kuɗi yake. Bashi yana kayar da zakkar kuɗi in ba ka da wata kadara da za ta tsaya a madadinsa. Hatsi da dabino da dabbobi kuwa, bashi ba ya kayar da zakkarsu, don haƙƙin yana rataye ne a jikin abin da ƙasa ta fitar. Ya karanto ayar Suratul An'am da ta ce a ba da haƙƙinsa ranar girbinsa.

Sai ya bi mini lissafin daki-daki. Nisabin hatsi wusiƙi 5 ne, kowane wusiƙi sa'i 60, ya zama sa'i 300, kowane sa'i kuma mudunnabi 4. A awon yau yana kamawa wajen kilo 650, buhu shida da ɗoriya ke nan. Abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin goma ake fitarwa. Abin da aka shayar da wahala, da inji ko da guga, ɗaya cikin ashirin. Geron Kawu tiya 320 ne, zakkarsa tiya 32. Dawarsa da ake sa ran ba za ta wuce buhu uku ba, babu komai a kanta, kuma ba a haɗa ta da gero don a cika nisabi, kowanne jinsinsa daban, haka ma shinkafa.

Na ce, "To Malam, shi bashin fa?"

Ya ce, "Ɗana, karanta aya ta 60 a Suratut Tauba. Mutum takwas aka lissafa masu cin zakka, kuma masu bashi suna ciki. In bashi ya fi ƙarfin kawunka, akwai waɗanda Allah ya tsare wa fiye da nasa a garin nan, haƙƙinsa yana cikin nasu. Amma shi ma akwai waɗanda haƙƙinsu ke cikin nasa. In kowa ya riƙe yana cewa an yi asara, wa zai ba wanda bai tsira da ko zangarniya ɗaya ba?"

Ban samu abin cewa ba. Ni na zo da tausayin mutum ɗaya, wanda na sani. Hukuncin ya san sauran.

Da daddare na ga inda tiya 32 ɗin ta tafi. Kawu ya kasa ta uku. Bai kira kowa ƙofar gida ba, bai tara yara su yi kallo ba. Sai da aka yi lisha gari ya yi duhu, ya ɗora wa babban ɗansa kaso ɗaya a ka, ya ce a kai gidan wata mata da mijinta ya rasu bara ya bar ta da marayu huɗu, a miƙa wa babbar 'yarta ta ƙofar baya. Kaso na biyu na wani maƙwabci ne da gonarsa duka a fadama take. Na ukun shi da kansa ya ɗauka, ni na riƙe masa tocila, muka je wurin wani tsoho makaho a ƙarshen gari. Ya yi sallama, ya ajiye a bakin ɗaki, ya ce, "Baba, ga haƙƙinku." Bai ce ga taimako ba. Tsohon ya laluba buhun, ya cusa hannu ya damƙo geron ya shinshina, ya ce, "Na bana ne." Ya yi ta addu'a har muka fita daga layin muna jin muryarsa.

A hanyar dawowa na tambayi Kawu ko ba za a ɗebar wa Iya ba. Ya ce uwa ba ta cin zakkar ɗanta, ciyar da ita wajibinsa ne tun asali, ba zai biya bashi biyu da kuɗi ɗaya ba. Haka kuma ba a ɗaukar zakkar a kai wani gari mai nisa alhali ga mabukata a inda aka noma ta.

Kwana na biyu na bi su fadama, a nan kuma na gane ban fahimci maganar gyara ba tukuna. Na ɗauka mai cewa ruwa ya yi gyara ya naɗe hannu ne. Sai na tarar da kusan mazan garin duka a bakin kogi, ana ɗaga jinga, ana sare ciyawar kacalla da ta toshe hanyar ruwa. Sun san daga inda abin yake zuwa. Sun san Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake gangarowa, sun san madatsar Tiga da ta Challawa, sun san in damuna ta yi ƙarfi suka cika, nan ne ruwan zai sauka, kuma in kacalla da yashi sun cushe hanya dole ya hau gonaki. Suna faɗin wannan da ɗaci, suna cewa an sha yi musu alkawarin yashe kogin. Imani da ƙaddara bai hana su sanin inda sakacin ɗan Adam yake ba, kuma ni ma ina ganin bai kamata wani mai iko ya fake da ita ba. Liman ma yana wurin, ya naɗe wando yana miƙa buhun ƙasa. Shi ya tuna mana da Sayyadina Umar, lokacin da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke a can ya juya da mutanensa. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce, e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Kawu ya nuna mini inda zai sa alkama in sanyi ya kama sosai. Ya ce laka da ambaliya ta kwanta da ita taki ce, ƙasar ta fi bara ƙarfi. Injin ban-ruwansa ya nutse, yana wurin mai gyara. Yana lissafin man da zai sha, yana kuma cewa in Allah ya sa ta kai, wannan ɗaya cikin ashirin ce. Azumin da ya wuce a watan Afrilu ya same su, suna aikin rani da ƙishirwa cikin zafin bazara, kuma na gaba ma kusan nan zai faɗo. Ya faɗe shi ne kamar yadda ake faɗin ranar kasuwa.

Daren ƙarshe Iya ta ba ni labarin mahaifinta, da ya tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, yana tsayawa yana noma a hanya yana samun guzuri, har ya tsallaka Bahar Maliya. Shekara bakwai bai dawo ba, har an fidda rai. Ita ba ta je ba. Ta ce an ce ga wanda ya samu iko, ita kuwa ba ta samu ba, don haka ba ta da laifi, amma har yanzu in ta ga an raka maniyyata sai ta yi hawaye. Akwai wata tunkiya da take kiwo, ta ce ta Makka ce, duk abin da ta haifa ana sayarwa a ajiye. Ruwan bana ya tafi da 'ya'yanta biyu. Uwar tana nan ɗaure a bayan ɗaki, da ciki.

Ranar Laraba bayan asuba na yi sallama. Inna ta ɗaura mini kuka da kuɓewa busasshiya da ƙullin gero na fura, na ce a bar shi ana bukata, ta ce ba a mayar da tsaraba. Kawu ya rako ni har bakin hanya inda masu babur ke tsayawa, hazo ya rufe fadama ba a ganin komai sai kawunan giginya. Na ce, "Kawu, me zan gaya wa Umma?"

Ya ce, "Ka ce mata mun gode, Allah ya bar zumunci. Ka ce mata kowa lafiya. Ka ce mata gero ya kai."

Da na isa Kano bayan la'asar na tarar da ita a kan dardumarta da carbi a hannu. Na fara ba ta labarin ɗakunan da suka rushe da shinkafar da ta tafi, tana ji tana girgiza kai. Da na zo kan saƙon ƙarshe sai ta ajiye carbin.

"Ya kai?"

"Ya kai, Umma. Buhu takwas."

"Ya fitar?"

"A gabana."

Ta ɗaga hannu biyu ta ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ta ce a ɗora ruwa, a jiƙa geron nan, gobe a yi fura.